Labarin gida da masoyi na nesa: wanne ake faɗa, wanne ake bari?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake son mu baje ta a faifai. Mutum yana da wanda yake so, ko miji ko mata ko wanda ake shirin aure da shi, sai karatu ko aiki ya kai ɗayansu wata ƙasa ko wani gari mai nisa. Watannin farko waya ba ta hutawa. Ana tafiya sai hirar ta ƙanƙance ta koma "ya aiki, ya mutan gida, kowa lafiya, to sai anjima." Ba faɗa aka yi ba, ba a kuma daina so ba, abin faɗa ne ya ƙare. Tambayata biyu ce. Yaya ake riƙe hirar gida kada ta bushe? Sannan cikin labarin gida wanne ake kai wa na nesa, wanne ake bari a ciki?

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Abin faɗa bai ƙare ba, raina shi aka yi. Wanda ke gida yana jiran babban labari, haihuwa ko rasuwa ko aure, kafin ya ga akwai abin faɗa, alhali irin waɗannan ko ba ta bakinki ba sai ya ji su. Abin da nisa ke ƙwace wa mutum shi ne ƙananan abubuwan da in da yana nan da idonsa zai gani: famfon banɗaki ya fara ɗiga, ƙanwarki ta sauya makaranta, Baba ya bar maganin da ke sa shi jiri, ɗan yayarki ya fito da haƙori biyu. Da waɗannan ne yake sanin gidan da ake masa magana a kai.

Dabarar ba ta da wuya. Ki buɗe wurin rubutu a wayarki, duk abin da ya ba ki dariya ko ya sa ki tsaki da rana ki rubuta shi da kalma biyu ko uku. Abu uku a rana ya isa. Dalili kuwa, yawanci da dare ake waya, lokacin an gaji, kuma gajiyayye in an ce masa "ya gida" abin da ke saman harshensa shi ne "lafiya lau."

Na nesa shi ma da aikinsa. Ya daina tambayar da amsarta kalma ɗaya ce. "Ya Mama?" ba ta haifar da hira. Amma in ya ce "Mama ta koma wurin likitan idon nan da aka ce ranar Talata? Ya sauya mata tabarau ɗin?" to ya nuna ya ji, ya kuma riƙe. Wanda ba ya iya riƙewa ya rubuta ranakun a kalandar waya, ta tuna masa.

Anti Bilki:
Malam na yarda da rabin maganarka. Amma ka ce a kwashe komai a kai, a nan muka raba hanya. Labarin gida kashi uku ne. Akwai naki na kanki, wannan ke ce mai shi. Akwai wanda kowa a gidan ya sani kuma ba wanda zai ji kunya in ya fita. Akwai kuma sirrin wani: bashin da ake bin yayanki, matsalar auren ƙanwarki, ciwon da mahaifiyarki ba ta son a sani. Na ukun nan ba naki ba ne, kusanci ne kawai ya sa kika ji shi. Kafin ki kai shi, ki tambayi kanki: in mai labarin ya ji cewa na faɗa, zan iya haɗa ido da shi?

Wanda ma ya fi ɓarna shi ne kai ƙara. An saɓa da uwa ko da yaya, rai a ɓace, sai a ɗau waya a zazzage wa masoyi. Washegari an shirya a gida, an yi dariya, an manta. Shi kuwa bai ga shirin ba, faɗan kaɗai ya ji. In aka maimaita haka sau biyar ko shida, ya riga ya zana mutumin nan a ransa a matsayin mugu, kuma ranar da za su haɗu za ki rasa dalilin da ya sa yake gaishe shi a daƙile. Ke kika gina wannan katangar ba ki sani ba.

Yaya Nura:
To Anti, kenan a riƙa ɓoye masa? In ba wurin wanda kake so za ka kai damuwarka ba, ina za ka kai? Ni a ganina wannan shi ke sa mutane su yi aure da baƙo. Kowa ya nuna gidansu kamar ba a taɓa ɗaga murya a ciki ba.

Anti Bilki:
Ban ce a ɓoye ba Nura. Cewa na yi in ka kai farkon labari, ka kai ƙarshensa. Ka ba da labarin faɗan ranar Litinin, to ranar Laraba ka ce "af, mun shirya da Yaya, ashe shi ma a wurin aiki aka ɓata masa rai." Sannan ka faɗi abin da ya faru da yadda ka ji, ka bar yanke wa mutum hukunci. "Mama ta yi mini faɗa a gaban baƙi, na ji ciwo" daban yake da "Mama ai ba ta da tausayi." Na farko yana wucewa. Na biyu yana zama.

Shi kuma mai sauraro kada ya taya zagi. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. In ya ce "ai ƙanin nan naki ba shi da tarbiyya," yau za ta ji daɗi, amma bayan sun shirya da ƙaninta maganar tana nan a ranta, kuma shi za ta riƙe da ita.

Baban Sadiq:
Wannan na ƙarshe gaskiya ne. In ba ka san me ake nema a wurinka ba, tambaya: "shawara kike so ko dai in saurara?" Yawancin rigimar waya daga nan take tashi. Ita tana son a ji ta, shi ya kama jero mafita daga inda ba ya ganin komai.

Ummi:
Don Allah a taɓo maganar rashin lafiya. Mutane da yawa in uba ko uwa na kwance sai a ce kada a gaya wa na nesa, tunda ba abin da zai iya yi, hankalinsa ne kawai zai tashi. Daidai ne?

Sista Rabi:
Ummi, ba daidai ba ne, kuma ga dalili. Labari yanzu ba ya jiran izini. Wani ɗan'uwa zai sa hoton asibiti a status ya rubuta "muna neman addu'a," na nesa ya gani da tsakar dare shi kaɗai a ɗaki. Daga ranar duk "lafiya lau" da aka ce masa ba zai ƙara yarda da ita ba, ko da gaskiya ce. An guje wa tashin hankali na kwana ɗaya, an sayo na shekara.

Abin da ya kamata a kula da shi shi ne yadda ake faɗa. Da murya ake faɗa, ba a rubuce ba. Ka fara da tambayar inda yake: in yana tuƙi, ko yana kan na'ura a wurin aiki, ko zai shiga jarrabawa nan da awa ɗaya, ka ce ya kira ka da zarar ya natsu. Jinkirin awa biyu ko uku ba ɓoyewa ba ne. In ya natsu, ka share fage da jimla ɗaya: "akwai labarin da ba shi da daɗi game da Baba." Ka ɗan dakata. Sannan ka faɗi abin da aka tabbatar, ba zato ba: yaushe abin ya fara, yana asibiti ko yana gida, me likita ya ce, wa ke tare da shi. In akwai abin da ba a sani ba tukuna, ka ce ana jiran sakamakon gwaji, kada ka cike gurbin da "ai ba komai." Daga ƙarshe ka yanka lokacin da za ka sake kira, misali ƙarfe takwas na dare agogonsa, kuma ka kira ko da babu sabon labari. Wannan lokacin da aka yanka shi ke hana mutum kira sau ashirin.

Saƙon da ya fi kowanne muni shi ne "kira ni yanzu yanzu" ba tare da bayani ba, sannan a kashe waya ko caji ya ƙare.

Yaya Nura:
Sista, in marar lafiyar ne da kansa ya ce kada a faɗa fa? Ga maganar Anti Bilki ta sirrin wani, ga taki. Sun ci karo.

Sista Rabi:
Ya danganta da wane ne marar lafiyar a wurin na nesa. In mahaifinsa ne, a koma a lallashi uban, a nuna masa cewa ɗansa zai ji ta wata hanya kuma zai fi jin ciwo. In mahaifinki ne ke da ke gida, shi kuma masoyi ne kawai, to sunan cutar sirrin mai ita ne. Kina iya cewa "Baba ba ya jin daɗi, muna zirga-zirgar asibiti, shi ya sa za ka ji ni shiru kwana biyu." Ba ki yi ƙarya ba, ba ki kuma tona ba.

Injiniya:
Bari in shigo ta ɓangaren waya, domin rabin abin da ake kira "ya canza mini" matsalar na'ura ce.

Na farko, agogo. Ku sa garin juna a agogon duniya da ke cikin manhajar agogon waya, ku daina lissafi da ka. Yawancin ƙasashen Turai suna tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, su mayar a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Yawancin Amurka kuwa Lahadi ta biyu ta Maris da Lahadin farko ta Nuwamba. Ƙasashe da yawa ba sa taɓa nasu. Shi ya sa tsakanin Landan da Dubai awa 4 ce a hunturu, awa 3 a bazara. Indiya ma har da rabin awa a lissafinta. Mutum biyu sun saba waya ƙarfe tara, rana ɗaya ɗaya ya kira ɗayan bai tashi daga aiki ba, sai a fara zargi, alhali agogo ne ya motsa. In kuna yanka lokaci ku riƙa cewa "tara naka, sha ɗaya nawa."

Na biyu, alamomin WhatsApp. Alama ɗaya mai toka: saƙo ya bar wayarka, bai isa tasa ba, wato ba ya kan intanet ko wayar a kashe take. Biyu masu toka: ya isa wayar, ba lallai ya gani ba. Shuɗi: an buɗe. An buɗe ba ya nufin an sami sukunin amsawa. Kuma tsarin tattalin batir a wayoyi da yawa yana hana saƙo shigowa sai an buɗe manhajar, don haka a cire WhatsApp daga jerin waɗanda ake taƙaita wa batir.

Na uku, kira. In murya tana tsinkewa a kiran bidiyo, kashe kyamara tukuna, domin hoto yana cin data ninkin murya sau da yawa. Akwai wurin rage cin data na kira a cikin saituna, a kunna. In kana jin muryarka tana dawo maka, lasifikar ɗayan ce ke shiga makirfonsa, ya sa abin kunne. In kuna yawan katse juna, jinkirin layi ne: da ya kusa rabin sakan, kowa zai ɗauka ɗayan ya gama. Ku riƙa barin ɗan numfashi kafin amsa. Taga kuma ta kasance a gabanka, ba a bayanka ba, in ba haka ba inuwa kawai za a gani.

Maman Ilham:
Injiniya mun gode. Saƙon murya fa? Wasu na tura na minti goma sha biyar, wasu kuma sun tsane shi.

Injiniya:
Saƙon murya shi ya fi dacewa da labarin gida in agogo ya bambanta, amma minti biyu zuwa uku kowanne, batu ɗaya a ciki. Na minti goma sha biyar mutum zai ajiye sai ya sami lokaci, lokacin kuma ba ya zuwa, in ya saurara ma zai sa shi a gudun ninki biyu ya manta tambayar da ke tsakiya. In akwai abin da kike son amsa a kai, ki rubuta shi a layi ɗaya ƙarƙashin saƙon. Ba a iya laluben kalma cikin murya yadda ake yi a rubutu, saboda haka rana, adadi da sunan magani a rubuce ake tura su.

Malam Sabo:
Kuma kada a gudu ɗaki a rufe ƙofa kowane lokaci. A bar hayaniyar gidan ta shiga: yara na gardama, ƙofa na ƙara, wani na kiran sunanki daga nesa. Ga misalin saƙon da ke aiki: "Ka ji wannan bugun? Mai gyara ne a kan rufi, wurin da na ce maka yana yoyo saitin gadon Auta. Ya ce kwano biyu ne suka huje. Auta kuwa ta ƙi matsawa, wai ita ce mai duba aiki." Sakan ashirin, amma ya ji gida, ya kuma sami abin tambaya gobe.

Malama Hauwa:
Akwai bincike da ya taɓo wannan. A 2013 Crystal Jiang da Jeffrey Hancock sun sa masoya, na nesa da na kusa, su riƙa rubuta hirarrakinsu na mako guda. Sun gano cewa na nesa sun fi buɗe wa juna ciki, sun kuma fi ƙawata juna a zuci fiye da yadda abin yake. Kafin nan, a 2006, Laura Stafford da abokan aikinta sun bi ɗaliban jami'a da suka yi soyayyar nesa, suka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka dawo wuri ɗaya sun rabu cikin wata uku da haɗuwar. Ɗalibai ne a Amurka, ba kowa da kowa ba, amma darasin a fili yake. Wanda kullum sai ya shirya, ya gyara murya, ya zaɓi labari mai daɗi kafin ya kira, yana gina mutumin da babu shi. Ranar haɗuwa gani zai kori ji. Don haka ina bayan Yaya Nura a wannan gaɓar: a bar shi ya gan ki a gajiye, ya san gidanku ana saɓawa.

Anti Bilki:
Ya gan ni a gajiye, na yarda. Ya san bashin yayana, ban yarda ba. Abu biyu ne Malama.

Malama Hauwa:
Abu biyu ne Anti, ban musa ba. Bari in ƙara ɗaya kan faɗa a rubuce. Justin Kruger da Nicholas Epley da abokansu sun nuna a 2005 cewa masu tura imel suna ɗauka za a gane zolaya ko gatsen da suka yi, alhali masu karantawa suna kuskure fiye da yadda marubutan ke zato. Mai rubutu yana jin muryarsa a kansa, mai karatu ba ya jin ta. "To shi ke nan" tana iya zama yarda, tana iya zama fushi. In saƙonni uku suka wuce kuna ƙara zafi, a ajiye rubutu a kira. In ba halin kira, a rubuta "ba na son mu yi wannan a rubuce, mu yi magana ƙarfe kaza," kuma a cika.

Baban Sadiq:
Sau nawa ya kamata a yi waya? Wasu sun ce kullum.

Malam Sabo:
Babu adadi ɗaya. Abin da ke aiki shi ne a raba gajere da dogo. Gajere kullum: gaisuwa, hoto ɗaya, saƙon murya ɗaya. Dogo sau ɗaya ko biyu a mako, lokacin da aka yanka, minti talatin zuwa awa ɗaya, ba mai yin wani aiki a gefe. Kiran awa biyu kowane dare yana cinye barcin ɗaya daga ciki, yawanci wanda agogonsa ke gaba, kuma bayan wata ɗaya zai fara jin kiran kamar aiki. A riƙa karɓa-karɓa wajen wanda zai yi haƙurin dare. Maganar kuɗi da shirin gaba kuma a ba su nasu kiran daban, kada kowace hira ta ƙare a lissafi.

Injiniya:
Tunda an ambaci kuɗi. Duk wanda ba ku taɓa haɗuwa ido da ido ba, kullum kyamararsa "ta lalace," sai ga labarin uwa a asibiti ko kaya sun maƙale a kwastan ana neman a tura kuɗi yau yau, wannan salon 'yan damfara ne sananne. Da labarin gida suke farauta: su ba ka nasu na ƙarya, su karɓi naka na gaskiya. Ko wanda ka sani ne, in saƙon neman kuɗi ya zo daga lambarsa da salon da ba nasa ba, kira ka ji murya kafin ka tura, domin ana sace asusun WhatsApp. Lambobi shidan da ake turowa ta tes don tabbatar da asusun ba a ba kowa su, ko masoyi. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a riƙa duba jerin na'urorin da ke haɗe da asusun.

Hotunan 'yan gida ma a nemi izininsu, musamman na yara da na marar lafiya a kan gado. Hoton "gani sau ɗaya" ba kariya ba ce, ana iya ɗaukarsa da wata wayar. In kuma ka tura hoto a matsayin fayil don kada ya dusashe, yana iya tafiya da bayanin wurin da aka ɗauke shi.

Ummi:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Ya dace a riƙa miƙa wa iyaye ko ƙanne wayar su gaisa da shi?

Anti Bilki:
Ya dace, amma ba kwatsam ba. Ki gaya masa tun kafin kiran cewa Mama za ta gaishe shi, ya kimtsa, ya zauna wuri mai natsuwa. Ki gaya wa Mama ita ma. Minti biyu ko uku ya isa, ki tsaya kusa don karɓar wayar in shiru ya yi tsawo. Ki ba shi abin tambaya ɗaya tun da wuri, misali ƙafarta da ke ciwo ko tafiyar da ta dawo daga ita. In kuma lasifika a buɗe take, kalmar farko da za ki faɗa ita ce "kowa na jin ka."

Yaya Nura:
Wannan ta ƙarshe a rubuta ta da manyan baƙaƙe. Amma Anti har yanzu ban sauka ba kan maganar bashin yaya. In ana shirin aure, kuma bashin zai iya taɓa aljihun su biyun nan gaba, ai ya tashi daga sirrin wani ya zama nasu.

Anti Bilki:
In ita ta tsaya wa yayan, ko ta sa hannu a takarda, ko tana biya daga albashinta, to nata ne, ta faɗa, da adadin da ranar da za a gama biya. In ba hannunta a ciki, ta je ta nemi izinin yayan tukuna.